Kaset ɗin da na tsare har ya narke

Shekarun baya, sa'ad da nake aikin tuƙi a ƙasar waje, a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, akwai wata amana a hannuna wadda na fifita bisa duk abin da na mallaka. Kaset ne na wani tsohon fim ɗin waƙoƙi da aka yi a gida muna samari, zamanin da mawaƙi ke tsayawa gaban kalangu ya rera da maƙogwaronsa. Abokina, Allah ya ji ƙansa, shi ya rera waƙoƙin ciki, shi kuma ya damƙa mini kaset ɗin kafin rasuwarsa. Ban san wani mai irinsa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, ɗan marigayin ya zo daga unguwar Manfuha, inda yake aikin gini. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce shi da abokansa na gida suna da niyyar sake yin fim ɗin, yana roƙon aron kaset ɗin ya juye shi a kwamfuta.

Na gyara zaman hulata na ce, "Ku sake shi? Da wace murya? Da wannan ta inji, mai kama da kukan sauro a cikin gwangwani?"

Ya ce, "Baba, aron kwana ɗaya ne."

Na ce, "Rigar mahaifinka ta fi ƙarfin kafaɗarku. Za ku zuba mata rawar zamani, ku mai da dattijo abin dariya yana kabari." Na yi ta zuba hikima har shayinsa ya huce, ina jin kaina tamkar alƙali. Ya yi godiya ya tafi.

Don kada zuciyata ta karaya in ya dawo, sai na naɗe kaset ɗin a cikin rawani, na kulle a akwati, na kai ɗakin ajiya da ke kan rufin gidanmu a unguwar Malaz. Ni da na kwashe shekaru ina gargaɗin baƙi kada su bar ko turare a mota da rana, ban tuna cewa babu na'urar sanyi a ɗakin nan ba.

Bazara uku ta wuce. Da iƙamar yaron, wato takardar izinin zama, ta ƙare zai koma gida, ya zo sallama. Bai ta da maganar ba, kuma shirun nasa ne ya kunyata ni. Na hau na ɗauko akwatin. Muka tarar da kaset ɗin ya lanƙwashe, zaren ciki ya manne ya zama dunƙule guda.

Ya daɗe yana juya shi a hannu, sa'an nan ya ce, "Ba komai, Baba. Maganar fim tuni ta mutu. Ni dai muryar mahaifina na so in ji, ina goye ya rasu."

Har yau ban sauya ra'ayi a kan sake tsofaffin finafinai ba. Yawanci ɓata su ake yi. Amma da sun ɓata, da asalin yana nan a kwamfuta, kowa ya ji ya yi hukunci. A ranar na buɗe baki in rera masa ko da baiti ɗaya ne, sai na tarar amshin kaɗai na riƙe. Shi na rera masa, da muryata ta direba, ya ɗauka a wayarsa ya tafi da shi.