Kirarin Raɗa a Gonar Barau

Duk wanda ya ci kasuwar Mairuwa a shekarun baya ya san muryar Audi, ko da bai san fuskarsa ba. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Tafoki, gajere, ba wani abin kallo a jikinsa sai maƙogwaro. Amma fa maƙogwaron! Abokan wasansa kan ce in ya yi hamma a Faskari, jakunan Sabuwa ke amsawa. Sana'arsa kirarin noma. In an kira gayya, amininsa Barau ya rataya ganga, shi kuma ya bi bayan manoma yana zuga su har gonar ta ƙare.

Ba gadon roƙo ya yi ba. Wurin kakarsa ya ɗauko abin, wata tsohuwa da ba ta iya faɗin magana tsirara. In tuwo ya yi ruwa, sai ta ce a miƙo mashi sanda ya dogara. In Audi ya makara, sai ta ce rana ta zo gaisuwa ta iske maigida bai tashi ba. 'Ya'yansa da suka yi makaranta sun taɓa gaya mashi wannan shi ake kira adon harshe, har da su kamance da kambamawa. Ya ce madalla da sunaye, shi dai gishirin magana ya sani.

Ra'ayinsa a kan sana'ar kuwa, ko ba ka tambaye shi ba sai ka ji. Ya ce kirari ba ƙarya ba ne, gaskiya ce aka yi wa kiwo har ta yi ƙiba. Shi ya sa ba ya yi wa mutum sai ya san ubansa da yadda yake riƙe garma. Mai zuciya a yi mashi kirari, mai jin nauyi habaici ya ishe shi. Wanda ya rasa duka biyun, to, zambo na nan yana jiransa, kuma Audi ba ya rowar zambo.

Sai ɓarayin daji suka tayar da ƙauyen, kowa ya kwashi iyalinsa ya yi Faskari. A can ciwo ya kama Barau, Allah ya karɓi abinsa. Audi ya ji mutuwar nan ƙwarai, har mutane suka daina jin muryarsa. Da ƙura ta ɗan lafa aka koma gida, Lauratu matar marigayin ta koma da ƙananan 'ya'yanta, ta shuka dawa a gonar mijinta. Shuka ta fito da kyau, amma ciyawar ƙiri-ƙiri da harƙiya sun fi ta sauri. Yayanta ya aiko daga Ƙanƙara cewa in bana gonar ba ta yi ba, ta rufe gidan ta taho da yara, a ba wani gonar.

Ranar da Audi ya ji haka ko tuwo bai ci ba. A rufe gidan Barau alhali shi Audi yana raye? Ya nufi wurin mai unguwa ya nemi a kira gayya. Mai unguwa ya yarda, amma da sharaɗi, domin gonar ita ce ta ƙarshe, daga ita sai daji: ba ganga, ba ɗaga murya, kuma kafin la'asar kowa ya kama hanyar gida. Audi ya yi tsaki ya ce wannan ai an ba shi tuwo ne an ce kada ya buɗe baki. Amma ya amsa.

Wallahi gayyar nan da farko abin takaici ce. Mutanen da suka zo ba su da yawa, kuma kowa ido ɗaya a kuyyar da yake nomewa, ido ɗaya a daji. Ko kurciya ta tashi sai garemani su tsaya cak. Rana ta take tsaka ko sulusi ba a yi ba. Lauratu na gindin wata ɗorawa da tulun kunu, ta zuba tagumi. Audi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi, magana ta cika mashi baki ba damar fitarwa.

Can ya dubi Kamilu, ɗan marigayi Salihu wanda a zamaninsa ba a taɓa wuce shi a kuyya ba. Kamilu ya zama magidanci a lokacin tashin hankali, bai taɓa jin an yi mashi kirari ba. Audi ya naɗe ƙafar wando, ya duƙa, ya bi shi har bakinsa ya kusa taɓa kunnensa, ya raɗa mashi:

"Na Salihu, bajimin da igiya ke roƙo kafin ta taɓa wuyansa. Garmar nan ta gane hannu, ta ce maigidanta ya dawo. Ƙiri-ƙiri ta hango ka, ta tara 'ya'yanta tana wasiyya."

Kamilu bai ɗago ba, amma Audi ya ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sai Kamilu ya tofa yawu a hannu, ya kama garma, ƙasa ta fara tashi.

Audi ya koma kan Mas'udu, mai yawan cika baki a teburin mai shayi. Shi zambo ya samu:

"Sannu sarkin noman kan benci. Allura ka yar a kuyyar nan ne, mu taya ka nema?"

Mas'udu ya ji haushi, dariya kuma ta taso mashi, ga shi ba halin yin ta. Sai ya huce a kan ciyawa.

To, ga abin da Audi kansa bai taɓa sani ba duk tsawon shekarunsa a sana'ar. Kirarin da aka kwarara, kowa ya ji, kowa ya san matsayinsa. Na raɗa kuwa ba wanda ya san abin da aka faɗa wa ɗan'uwansa. Sai dai ka ga tsoho ya duƙa a kunnen na kusa da kai, mutumin ya zabura ya bar ka a baya. Me aka ce mashi? Ni me za a ce mani? Nan da nan kowa ya daina duban daji, ya koma satar kallon Audi. Wani har ya yafuto shi da hannu, wai Baba Audi an tsallake shi. Audi ya ce mashi a hankali ai ba a yi wa tukunya kirari sai ta tafasa, mutumin ya duƙa ya ci gaba.

Haka ya yi ta zirga-zirga a duƙe, bayansa na ciwo, gumi ya jiƙa mashi riga sharkaf, wannan ya samu yabo, wancan habaici. Ba ka jin komai a gonar sai sarar garemani da numfashi. Inuwa ba ta gama miƙewa ba Kamilu ya ƙarasa kuyya ta ƙarshe, Mas'udu na dugadugansa.

Lauratu ta taso ta tsaya bakin gonar. Ga dawa tsaye layi-layi, kore shar, ƙasa baƙa a gindinta. Ta ce, "Malam Audi, a aika wa Yaya a Ƙanƙara, ina nan." Guɗa ta taso mata, ta tuna sharaɗin mai unguwa. Sai ta dunƙule mayafinta, ta toshe baki da shi, ta rangaɗa ta a ciki.

Waɗanda ke kusa ne kawai suka ji. Audi yana cikinsu, kuma bai ɓoye hawayensa ba. An yi mashi guɗa a manyan gayyoyi daga Faskari har Sabuwa, amma har yau in ka zauna da shi, wannan ce yake ba da labarinta. Da kaka ta yi, shi ya ɗauki damin farko a kansa, ya kai shi rumbun Barau.