Kwalaben Kawu Sahabi

Ku da kuka san Kawu Sahabi kun san ba ya gaida mutum da safe sai ya fara gaida kwalabensa. Zai leƙa randar da yake ajiye su ya ce, "Ma'aikata, an kwana lahiya?" Sannan ya waiwayo mu.

Tun da ya bar koyar da kimiyya ya tare a unguwar Badariya, magana ɗaya ce a bakinsa. Wai a ƙulle-ƙullen saiwar wake akwai wani sinadari mai aiki, enzayim, da ke kama wani sashe na iska ya mayar da shi taki. In an tatso shi a kwalba, aka zura wayoyi biyu daga sola, lantarki zai zama abincinsa, talaka ya huta da sayen takin zamani. Matsalar, ma'aikatan nan raggwaye ne. Zafi kaɗan su mutu, ɗanyar iskar waje ta shiga su mutu.

Ranar da ya kwashe naman matarsa, Inna Kulu, daga firji ya jera kwalabe, ta ce, "Malam, naman hwa?"

"Nama ya riga ya mutu, Kulu. Waɗanga na da rai!"

Ya taɓa sayen gonar wake sukutum a Argungu, ya tuge saiwoyin ya juya zai tafi. Mai gona ya ce, "Malam, ka mance waken." Ya ce, "Ci abinka, ni na ɗauki mai amfanin."

Shinkafarsa ta fadama kuwa, wayyo! Shekara bakwai ya hana ta takin kanti, tana ɗorawa-ɗorawa kamar mai shawara, rumbu fayau. Babana ya kai masa buhun taki guda, ya mayar da shi kujera. Kullum amsarsa, "Baɗi da namu za mu zuba." Har aka sa masa Malam Baɗi.

Ana saura kwana uku ya rasu, ya aika aka kira ni, yana kwance. Ya sa na ɗauko wata kwalba, ya ɗan sassauta murfin. Wari kamar makewayi! Na toshe hanci, shi kuwa hawaye.

"Ɗiyata, warin ga shi na taki. Sun kama aiki! Ki tsare min ita cikin randa, in na tashi in rubuta yadda niy yi."

Bai tashi ba, bai rubuta ba. Ranar zaman makoki ina can ina karɓar gaisuwa, mata masu girki suka buɗe randa neman ruwa. Na fito na tarar da kwalaben an wanke su tas da omo, an cika da zoɓo. Wata har tana ce min, "Ɗaya wari kamar mi, sai da munka sa toka."

Ban yi kuka a kan gawarsa kamar yadda na yi a kan zoɓon nan ba. Har yau ban sani ba ko taki ne ko ruɓa, kuma babu mai gaya min.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa fiye da randar nan. Ni kuma Ya yafe min amanar da ban tsare ba.