Kwanon da Yake Dawowa da Nauyinsa

A gidanmu na Gada Biyu ba a duka, ba a zagi. In Baba ya yi fushi da Umma, abincinta yake daina ci. Ni ake ba kwanon in kai masa zaure, ni nake dawo da shi da nauyinsa, wani lokaci kwana uku, wani lokaci sati biyu cur. Umma ta ce haka kakana ya yi wa kakata tun zamanin haƙar kuza. Na tsani zauren nan. Har yau in na ɗauki kwano mai nauyi sai in tuna da shi.

Bayan rasuwar Baba na ce sai na yi fim a kan wannan, tunda shirya fim ne sana'ata, ko na huta. Muka ari wani gida a Tudun Wada mai zaure irin namu. Na so in ɓoye wa Umma, amma matata ta faɗa mata, abin kuwa ya ɓata min rai ƙwarai.

Ranar da za mu ɗauki wurin da ake kai wa Baba kwanon, ɗan wasan da ya fito a matsayin Baba ya kusa haukata ni. Sau tara muna maimaitawa. Sai ya zare ido, ya hankaɗe kwanon, ya ja tsaki kamar an taka shi a tasha. Na kasa zama. In leƙa kamara, in fita ƙofar gida, in dawo.

"Oga, to yaya kake so?" in ji shi. "Ai fushi ka ce."

Ana cikin haka Umma ta yi sallama, matata na bayanta da kular gwaten da ita matar tawa ta dafo wa ma'aikata. Na zaci faɗa Umma ta zo yi. Sai ta ja kujera ta zauna, ta ce mu ci gaba.

Haushi ya sa na ce wa ɗan wasan ya tashi in nuna masa. Na zauna a tabarmar da ya tashi a kai. Na ɗaga murfin a hankali, na dubi abincin, na mayar da murfin ba ƙara. Na tura kwanon gefe da bayan yatsu biyu, na ce, "An gode." Ban ɗaga ido ba.

Mai ɗaukar hoto ya ce, "Wallahi oga, kai ya kamata ka fito."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na juya wajen Umma ina jiran yabo.

"Sak," ta ce. "Har yatsun. Amma ai yana korarka kafin ya buɗe kwanon. Ni kaɗai nake leƙensa ta labule. A ina ka gani?"

Matata ce ta ajiye kular a ƙasa.

"Umma," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "yau kwana huɗu ke nan nawa kwanon yana dawowa da nauyinsa."

Na ce a kashe kamara. Na jawo kular, na zuba gwaten a murfinta, na hau ci a gaban kowa, yana ƙona min harshe. Na ce ya yi daɗi, na sake faɗa.

Matata ta ɗauki mayafinta da ya zame.

"Wannan na ma'aikata ne," ta ce. "Naka yana gida, a rufe."