Ranar da Aka Kulle Ni a Ɗakin Ajiya

Har gobe ba zan manta da wata Laraba a zango na biyu ba, da na hango maigadi yana rufe ƙofar makaranta tun ba a tashi ba. Babura uku ne a waje. Na ji wani yana cewa, "Ina antin 'yan matan? Ita muke nema." Ni suke nufi.

Watana huɗu ke nan da fara aiki a ƙungiyar 'yan mata ta wata sakandare a Zuru. Sau ɗaya a mako muke zama da ɗalibai, mu yi musu bayanin al'ada da tsabtar jiki, mu saurari damuwarsu. Doka ta farko, ba a shigar da yarinya sai mahaifi ya sa hannu a takardar izini. Ni na karya ta.

Asabe 'yar aji biyu ce, daga Dabai take zuwa. Na same ta bayan aji tana kuka, siket ɗinta ya ɓaci, tana zaton ciwon ajali ne. Na ba ta audugar mata, na zaunar da ita cikinmu, na ba ta katin da yarinya ke zagaye ranakun al'adarta. Na ce takarda ta biyo baya, sai na manta.

Katin nan mahaifinta ya gani. Wani ya ce masa da irinsa ake lissafin kauce wa ciki.

A ranar Larabar nan, Malama Rifkatu, shugabar ƙungiyarmu, ta ja ni ɗakin ajiya ta kulle. Ina zaune kan kwalayen auduga ina jin muryar mahaifin Asabe daga ofis: "Wa ya ba ta izini? Ɗiyata shekararta sha uku, mi take koya mata?" Ƙanensa ya ce in ba a fito da ni ba, ai sun san unguwarmu. Tsohuwata kaɗai ce a gida. Na toshe bakina da gyale kada a ji kukana.

Shugabar makaranta ba ta kare ni ba. Ta ce, "Baba, mun yi kuskure. Amma a ɗauko uwar yarinyar." Da matar ta iso, na ji ta ce a hankali, "Maigida, ni ranar da na ga nawa, kwana biyu na ɓuya bayan rumbu. Ba wanda ya faɗa mini komai. Wanga kati kwana kawai yake ƙirgawa."



Ku da kuka fara irin wannan aiki yanzu, tausayi ba ya maye gurbin takarda. Ku taimaki yarinya nan take, amma ranar ku nemi iyayenta. Abin da ba a yi musu bayani ba shi ke tsorata su.

Bayan la'asar na ji makulli. Malama Rifkatu ta leƙo. "Fito, 'yata. Sun tafi, mahaifin ya dangwala yatsa a takardar izini. Ba mai zuwa gidanku."

Na miƙe daga kan kwalayen. Ta kama hannuna, muka fito.