Gilashin da Ke Zufa a Ɗakin Inna

Jama'a, wannan ba a majalisa na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shago a Kalgo ina haɗa tagogin alminiyam masu gilashi, irin waɗanda ake turawa gefe, ana kirana aiki har cikin Gwandu da ƙauyukanta.

Duk lokacin sanyi sai na sha ƙorafi. Mutum zai zo fuska a murtuke ya ce na sa masa gilashin banza, wai da safe zufa yake yi, ruwa na gangarowa har bango ya yi fumfuna. Ni kuwa ba ni da haƙuri, nan take nake ce masa gilashi ba shi da jini balle ya yi zufa. Kai ne ka toshe ko'ina ka kwana da iyalinka, ko an shigo da tukunyar ruwan zafi, ko an shanya jiƙaƙƙen kaya a ciki, tururin ya rasa hanyar fita ya kwanta a jikin gilashi mai sanyi. Ka bar 'yar kafa a taga, ka fitar da shanya waje, ka goge da tsumma da safe, shi ke nan.

To, akwai wani Malam Umaru a Gwandu, manomin albasa, dattijon kirki a yadda na san shi, wanda na taɓa sa wa taga a ɗakin mahaifiyarsa, Inna. Wata safiya ana ɗari ya aiko in zo in duba tagar nan. Na hau mashin ina ta mita a hanya. Da na isa ya shigar da ni tsakar gida ya nuna mini, sai ga gilashin ya yi fari fat, ɗigon ruwa na bin juna. Na sa yatsa na shafa daga waje, ko alama bai goge ba, ruwan daga ciki yake. Na fara karanto masa karatuna na kullum, sai ya katse ni.

"Malam, babu mai kwana wanga ɗaki. Inna ta rasu tun kaka, kuma tun ranar aka rufe shi."

Na duba ƙofar, ga ƙaton kwaɗo. Na ce to a buɗe in gani, ko akwai randa ko wani abu mai ruwa a ciki. Sai ya hau kame-kame, wai makullin yana hannun ƙanensa a Dalijan, wai ni dai in ce masa laifin gilashin ne in canza wani. Yana magana yana kallon ƙasa. Nan na fara zarginsa, domin kun san zamanin da muke ciki, ana ɗauke mutane ana ɓoyewa, wani lokacin a gidan da ba ka taɓa zato ba. Ɗaki a kulle, mai gida ya hana a buɗe, gilashi kuma yana nuna akwai mai numfashi a ciki. Ku da kuke karantawa, me za ku ce?

Na koma Kalgo ko tuwo na kasa ci. Da na ba matata labari sai ta ce, "Haba Malam, wanda ya ɓoye mutum shi zai kira ka ka zo ka gani?" Na ce wa ya sani ko shi ma bai sani ba, ko aikin ƙanen ne mai riƙe da makulli. In na yi shiru wataƙila ɗan wani yana can yana mutuwa, in na yi magana kuma na zubar wa dattijo mutunci a garinsu. Haka na yi ta juya abin, daga ƙarshe na ce rai ya fi.

Washegari da sassafe na koma Gwandu wajen mai unguwar su Malam Umaru na faɗa masa komai. Muka taho da shi da wasu maƙwabta, gilashin na nan jiƙe kamar jiya. Malam Umaru ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba, ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli. Ashe yana jikinsa! Na ce a raina, yau asiri ya tonu.

Aka buɗe. Ba kowa. Gado ne da tabarma a naɗe da akwatin ƙarfe, mai unguwa ya buɗe akwatin, tsofaffin zannuwa ne. Ba randa, ba buta, ƙasa a bushe ƙamas, na duba rufi babu yoyo. Amma ɗakin da ɗumi, irin ɗumin ɗakin da mutum ya tashi yanzu-yanzu. Mai unguwa ya ba shi haƙuri, ya harare ni, suka fita suna salati, aka bar ni da mai gida.

Don in kawar da kunya na ciro tsumma na goge gilashin tas daga ciki. Ina tsaye ina kallo, sai wani farin tabo kamar tafin hannu ya fito a kusurwar ƙasa, daidai inda bakin mutum zai kai in yana zaune a gefen gado. Ya faɗaɗa, ya tsuke, ya sake faɗaɗa. Na ce ko numfashina ne, na ja da baya na toshe hanci da baki. Wallahi bai fasa ba, a hankali a hankali, yadda tsoho ke numfashi. Inna lillahi! Na tsaya nan ina ta kallo.

Malam Umaru yana bakin ƙofa, bai shigo ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ka gani ko? Nan Inna take zama bayan asuba. Ni na gani tun farkon ɗari, shi ya sa nike son ka ce mini gilashin ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Da mutum kuka iske ciki, da ya fi mini sauƙi."

Na san wanda ya mutu ba ya dawowa, haka aka karantar da mu kuma na yi imani. Ko aljanu ne, ko mene ne, Allah kaɗai ya sani. Ya sake kulle ɗakinsa, ni kuma na fita ko sallama ban iya yi ba. Mutuncinsa ya tsira a idon unguwa, amma bai ƙara kirana aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Shawarata gare ku, in kun ga taga na zufa a ɗakin da ba kowa, kada ku shiga ku kaɗai, ku yi sallama da addu'a tukuna. In kuma kun goge ya dawo, don Allah kada ku tsaya kallo kamar yadda na tsaya.