Wanki Bakwai

Kawu Yahya makaniki ne a Waziriyya. Wata rana ya tsinci tsohon kare gurgu a bayan garejinsa, ya ajiye shi da sunan gadi. Gadin me? Karen ko haƙori babu, sai barci a ƙarƙashin motoci. Kullum sai ya lashi hannun Kawu, Kawu ya nufi famfo yana mita, ya wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Har gwangwanin ƙasa ya ajiye don haka. Shekara uku suna wannan zama.

Da karen ya mutu, Kawu ya binne shi, ya ce, "Halas, na huta da wanki."

Ismail, abokin aikinsa, ya ɗauki gwangwanin zai zubar. Kawu ya daka masa tsawa: "Kai, mayar da shi! Me ya tsare maka?"