Takardar Baba a Bakin Buhun Iri

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isuhu. Ni da nake rubutun nan na riga na wuce shekarun da ya yi a duniya, amma har yau in na tuna shi, ƙaramar ɗiyarsa nake komawa.

Kafin ƙasarmu ta sami 'yancin kai, shi ne mai tsaron magaza, wato ɗakin ajiyar irin gyaɗa, a Matameye. Wata shekara aka kawo wani gari da ake cuɗa iri da shi don kada ya ruɓe a ƙasa. Bayaninsa duk da Faransanci yake a jikin gwangwani, Baba kuwa ajami kaɗai ya iya. Ruwan shuka ya sauka, manoma sun cika ƙofa, amma ya ƙi buɗewa. Shugabansa ya aiko cewa in bai raba iri ba, ya ajiye mabuɗi.

Innarmu ta ce, "Malam, aikinka za ka rasa a kan gari?"

Ya ce, "Hajara, abin da ban san cikinsa ba, ba na miƙa wa mai iyali."

Ya ɗauki gwangwanin ya kai wa ma'aikacin likita, ya sa shi ya karanta masa layi-layi. Ashe akwai zaiba a ciki, guba ce. Baba ya rubuta sunan garin, da abin da aka haɗa shi da shi, da cewa ba a cin irin ko an wanke, ba a ba dabba, a kuma wanke hannu da sabulu. Kwana biyu yana kwafewa da tawada, kowane buhu da takardarsa, sannan ya buɗe ya raba iri. Ya sha faɗa, amma ba a kore shi ba.

Bayan shuka wata mata ta zo gidanmu daga Tsauni da ƙwaryar nono. Ta ce ta riga ta ɗora kasko za ta soya wa 'ya'yanta biyar ragowar iri, sai surukinta ya tsinci takardar ya karanta. Ta durƙusa tana kuka. Baba ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ce da ni in kawo mata ruwa.

Rigakafi ya fi magani, in ji mutanen da. Yau kamfanoni na buga takardun bayanin sinadarai masu shafuka da yawa, da Baba ya gansu, da kuwa ya yi murna. Amma da zai shiga kasuwa ya tarar da maganin ƙwari a gorar ruwa ba ko suna, na san zai tsaya ya ce, "Me ke ciki?" Kuma ba zai gusa ba sai an faɗa masa.

Bai bar mana dukiya ba. Amma yaran nan biyar sun girma sun yi jikoki, kuma galibinsu ba su taɓa jin sunansa ba. Ina jin haka ya fi so. Allah Ya kai haske kabarinka, Baba.